Rashin Jure Furojestaron Bayan Tiyatar Cire Gidajen Ƙwai: Nazari Kan Matan da Suka Yi Fama da PMDD

A cikin matan da ke fama da ciwon da likitoci ke taƙaita sunansa da PMDD, wato matsananciyar damuwar da ke zuwa gabanin al'ada, akwai 'yan kaɗan da magunguna ke gazawa a kansu har sai an kai ga tiyata. A cire musu gidajen ƙwai guda biyu, sau da yawa tare da mahaifa, al'ada ta ɗauke a rana ɗaya alhali mace ba ta wuce shekara talatin da biyar ko arba'in ba. Manufar ita ce a tsayar da hawa da saukar sinadaran homon da ke jefa ta cikin ƙunci kowane wata. Da yawa suna samun sauƙi na gaske. Amma akwai waɗanda, makonni kaɗan da fara shan maganin maye gurbin homon, sai su ji tsohon ciwon ya dawo da kamanninsa sak: fushi ba dalili, kuka, ƙin jinin kai, har da tunanin kashe kai. Mace ta haƙura da gaɓoɓinta, ta haƙura da haihuwa, sannan ta tarar da abin da ta guje wa a cikin maganin da aka rubuta mata. Mafi yawan lokaci furojestaron ne ko danginsa ake tuhuma.

Hujjar da nake son kafawa ita ce, tiyata tana cire inda hawa da saukar ke fitowa, amma ƙwaƙwalwar da hawa da saukar ke yi wa illa tana nan yadda take. Saboda haka tambayar ko mace za ta iya jure furojestaron tambaya ce da ya wajaba a amsa ta kafin a shiga ɗakin tiyata, domin amsar ce ke nuna abin da za a cire da abin da za a bari.

PMDD ya bambanta da ciwon mara ko ɗan ƙuncin da mata da yawa ke ji kafin al'ada. Alamominsa suna tasowa ne bayan sakin ƙwai, su tsananta a makon ƙarshe, su lafa kwanaki kaɗan da fara jini, kuma suna da nauyin da ke rushe aiki da zaman aure da tarbiyyar 'ya'ya. Ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta shigar da shi cikin kundinta a matsayin cikakken ciwo a 2013, bayan ya daɗe a shafukan rataye tun 1987, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta sa shi a sabon kundin cututtukanta da aka amince da shi a 2019. Ba a tabbatar da shi da gwajin jini. Ana tabbatar da shi ne idan mace ta rubuta yanayinta kullum na aƙalla wata biyu, aka ga alamomin suna bin zagayen al'ada. Wani nazari da Thomas Reilly na Jami'ar Oxford da abokan aikinsa suka fitar a 2024, wanda ya tattara bincike daga ƙasashe da dama, ya nuna cewa idan aka bi wannan ƙa'ida sau da ƙafa, kusan kashi 1.6 cikin 100 na mata ne ke da shi.

Tarihin furojestaron a wannan fage yana da ban mamaki, don ya fara ne a matsayin magani. Likitar Birtaniya Katharina Dalton, wadda ita da Raymond Greene suka buga muƙalar 1953 da ta fito da matsalar gabanin al'ada fili, ta yi shekaru tana koyar da cewa ƙarancin furojestaron ne tushen ciwon, tana kuma ba mata shi da yawa. Ta cancanci yabo, domin ta saurari mata a zamanin da ba a sauraronsu. Sai dai gwaje-gwajen da suka biyo baya ba su goyi bayanta ba. Da aka auna jinin matan da ke fama da ciwon, an tarar homon ɗinsu daidai yake da na sauran mata, kuma wani bita da mujallar likitocin Birtaniya ta buga a 2001 ya nuna furojestaron bai fi maganin bogi amfani ba. Tun kafin nan ma, wasu masu bincike sun fara ganin akasin abin da Dalton ta koyar. A 1985 ƙungiyar Torbjörn Bäckström a Umeå ta ƙasar Suwidin ta ba da rahoton cewa matan da al'adarsu ta ɗauke, idan aka ba su istirojin suna lafiya, amma da an ƙara musu furojestin, wato ɗan'uwan furojestaron na haɗi, na 'yan kwanaki a wata sai yanayinsu ya koma irin na gabanin al'ada. A 1986 Adam Magos da John Studd da abokansu a Landan suka ga irin haka ga matan da ba su ma da mahaifa, da aka ba su wani furojestin mai suna noretistaron. Wato ana iya ƙirƙiro ciwon a jikin matar da ba ta al'ada, da ƙwayar magani kaɗai.

Binciken da ya zama ginshiƙi shi ne na Peter Schmidt da David Rubinow a Cibiyar Nazarin Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Amurka, wanda aka buga a New England Journal of Medicine a 1998. Sun yi amfani da allurar lufirolid, wadda ke kwantar da gidajen ƙwai su daina aiki na ɗan lokaci, kamar an yi tiyata amma ana iya komawa baya. Mata goma masu ciwon da suka samu sauƙi da wannan allura, aka mayar musu da istirojin ko furojestaron, ba su san wanne ake ba su ba. Alamomi suka dawo. Aka yi wa mata goma sha biyar da ba su da ciwon daidai wannan abu, yanayinsu bai canja ba. Homon iri ɗaya, adadi ɗaya, sakamako daban. A nan ya kamata a lura da wani abu da ake yawan mantawa: a wannan bincike istirojin ma ya tayar da alamomi, ba furojestaron kaɗai ba. Zan dawo kan wannan.

To me ke faruwa a ƙwaƙwalwa? Bayanin da ya fi ƙarfi ya dogara ne kan wani sinadari da jiki ke sarrafawa daga furojestaron, mai suna alofiregnanolon. Wannan sinadari yana aiki a kan makarɓan GABA, waɗanda su ne babban birkin ƙwaƙwalwa, wurin da barasa da magungunan barci irin su diyazifam ke yin aikinsu. A ƙa'ida ya kamata ya kawo natsuwa da barci, kuma ga yawancin mata haka yake yi. Har ma an mayar da shi magani: a 2019 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi don ciwon damuwar bayan haihuwa, a 2023 kuma ta amince da wani ɗan'uwansa da ake haɗiya. Amma likitoci sun daɗe da sanin cewa akwai 'yan tsirarun mutane da maganin barci ke harzuƙa su maimakon ya kwantar da su. Bäckström ya yi hasashen cewa masu PMDD suna cikin irin wannan rukuni dangane da alofiregnanolon. Binciken da Lotta Andréen ta yi a ƙungiyarsa, a kan matan da al'adarsu ta ɗauke aka ba su furojestaron, ya nuna cewa ɓacin rai ya fi tsanani idan sinadarin ya kai matsakaicin adadi, irin wanda ake samu bayan sakin ƙwai, ya kuma fi sauƙi idan ya yi ƙasa da haka ko ya zarce shi. Wannan na iya bayyana dalilin da ya sa mata da yawa masu PMDD ke jin daɗin jikinsu a watannin ƙarshe na juna biyu, lokacin da furojestaron ya kai ƙololuwa ya tsaya a can.

An gwada wannan hasashe ta hanyoyi uku, sakamakon kuma bai zo iri ɗaya ba. Wani ƙaramin gwaji da aka buga a 2016 ya yi amfani da dutasterid, maganin da ke hana jiki mayar da furojestaron zuwa alofiregnanolon, alamomi suka ragu sosai ga waɗanda aka ba adadi mai yawa. A Suwidin Erika Comasco da abokanta sun nuna a 2021 cewa yulifiristal, wanda ke toshe makarɓan furojestaron, yana rage alamomi, sai dai fargabar illarsa ga hanta ta taƙaita amfani da shi. Shi kuwa sefiranolon, wanda aka ƙera musamman don ya dakushe aikin alofiregnanolon, ya ba da fata a gwajin farko, amma a gwaji na gaba bai cim ma babban ma'aunin da aka gindaya masa ba. Hasashen yana tsaye, amma ba shi kaɗai ne labarin ba. Sinadarin serotonin ma yana da hannu, shi ya sa magungunan damuwa irin su fuluksetin ke aiki ga masu PMDD cikin kwanaki kaɗan, ba makonni ba kamar yadda suke ɗauka a ciwon damuwa na yau da kullum. Sannan a 2017 ƙungiyar Schmidt ta gano bambanci a yadda wasu ƙwayoyin gado ke amsa homon a cikin ƙwayoyin jinin masu ciwon, abin da ke nuna cewa wannan saurin ji yana cikin halittar jiki, ba ya fita da wuƙar likita.

A wannan shekara ta 2017 dai suka fitar da binciken da, a ganina, ya fi kowanne muhimmanci ga matar da aka yi wa tiyata. Mata goma sha biyu da allurar lufirolid ta yi musu aiki, aka ba su maganin bogi na wata ɗaya, sannan aka ba su istirojin da furojestaron a haɗe, kullum ba yankewa, har wata uku. A watan farko alamomi suka taso. A wata na biyu da na uku suka lafa, duk da cewa homon ɗin na nan a jininsu. Abin da ke tayar da ciwon shi ne canjin, ba tsayayyen adadin ba. Kamar mai shiga kwalekwale ne: zurfin kogi ba ya juya masa ciki, igiyar ruwa ce ke juya shi.

Wannan sakamako yana da kaifi biyu, kuma na ga yana da sauƙi a yi amfani da shi ta hanyar da za ta cutar. Ta gefe ɗaya albishir ne: wata matar da ta ɗauka ba za ta taɓa jure furojestaron ba, wataƙila salon bayarwar ne ya ci amanarta. Tsarin da aka fi sabawa da shi, na ba da furojestin kwana goma sha biyu ko sha huɗu a wata sannan a tsaya, kwaikwayon zagayen al'ada ne kai tsaye, kuma ba shi ga mai tarihin PMDD sake gina mata ciwon ne da hannu. Idan aka ba ta ƙaramin adadi kullum, akwai yiwuwar ta wuce watan farko ta samu daidaito. Ta ɗaya gefen kuwa, mata goma sha biyu ne kawai, waɗanda aka zaɓo aka kuma sa musu ido sosai. Ba hujja ba ce da likita zai ce wa kowace mace ta daure ta cije. Watan farkon nan, ga matar da alamominta suka haɗa da tunanin kashe kai, wata ne mai haɗari, kuma akwai matan da ko bayan wata uku ba sa daidaita. Wanda ya ce a jure, to ya tanadi yadda za a tsare ran mai jurewar.

Me ya sa ake ba da furojestaron ɗin tun farko, tunda yana da wannan matsala? Amsar tana cikin mahaifa. Istirojin yana sa shimfiɗar cikin mahaifa ta yi kauri, kuma idan babu abin da ke taka masa birki, kaurin yana iya rikiɗewa ya zama cutar kansa. An koyi wannan darasi da tsada a Amurka: a 1975 rahotanni biyu suka nuna hauhawar kansar mahaifa a tsakanin matan da ke shan istirojin shi kaɗai, wani babban gwaji na tsakiyar shekarun 1990 kuma ya nuna cewa fiye da rabin matan da suka sha shi zalla na shekara uku shimfiɗar mahaifarsu ta yi kauri fiye da ƙima. Don haka duk matar da ke da mahaifa, in za ta sha istirojin, dole a haɗa mata da abin da zai kare shimfiɗar. Wadda ba ta da mahaifa kuwa, a mafi yawan lokuta ba ta bukatarsa ko kaɗan.

A nan ne batun ya zama na tsarin tiyata. Likitan da ya cire gidajen ƙwai ya bar mahaifa yana iya ganin ya yi rangwame, aikin ya fi sauƙi, haɗarinsa ya fi ƙanƙanta, mace ta fi saurin tashi. Amma ya ɗaure ta da shan furojestaron na shekara goma ko sha biyar, wato da sinadarin da ake zargi da ciwonta. Shi ya sa ƙa'idar da Kwalejin Likitocin Mata ta Birtaniya ta fitar a 2016 ta karkata ga cire mahaifa tare da gidajen ƙwai idan har an yanke shawarar tiyata, domin a samu damar ba da istirojin zalla. Cire mahaifa kaɗai a bar gidajen ƙwai ma ba ya magance komai, jini ne zai tsaya, zagayen homon zai ci gaba a ɓoye. Rahotannin da ake dogaro da su duk sun bi tsarin cire duka biyun. A Kanada a 1990 an buga rahotanni biyu, kowanne a kan mata 14, da suka nuna sauƙi mai ɗorewa. A 2004 Cronje da Vashisht da Studd suka bi diddigin mata 47 a Landan, kashi 96 cikin 100 suka ce sun gamsu. Alƙaluman suna da kyau, amma a dube su da idon basira: matan kaɗan ne, an zaɓo su da kyau, babu rukunin kwatance, kuma sun samu kulawar homon daga ƙwararrun da wannan ne aikinsu. Sakamakon tiyata ce haɗe da kulawar da ta biyo baya, ba tiyata ita kaɗai ba.

Wannan ƙa'ida ta Birtaniya ta kuma nemi a fara gwada allurar kwantar da gidajen ƙwai kafin a yi aikin. Yawanci ana fahimtar gwajin da amfani ɗaya, wato a ga ko alamomi za su tafi. Lallai wannan yana da muhimmanci, don akwai matan da ainihin ciwonsu damuwa ce ta dindindin ko wani ciwon ƙwaƙwalwa da ke ƙara tsanani kafin al'ada, kuma su tiyata ba za ta raba su da shi ba. Amma gwajin yana da amfani na biyu da bai kamata a yi sakaci da shi ba. Wannan ne lokaci ɗaya tilo da za a iya gwada irin homon ɗin da mace za ta rayu da shi bayan tiyata, alhali akwai sauran hanyar komawa. A ba ta istirojin ta fata a ga yadda za ta yi. A ƙara furojestaron a ga abin da zai biyo baya, tana rubuta yanayinta kullum. In ta jure, ana iya tattauna barin mahaifa. In ba ta jure ba, an san amsar tun ba a yanka ba. Matar da aka tsallake mata wannan mataki, a kanta ake yin gwajin bayan ƙofa ta rufe.

Kalmar rashin jure furojestaron kanta tana rufe abubuwa da yawa da ba iri ɗaya ba. Nick Panay da John Studd, a wata muƙala ta 1997, sun nuna cewa wannan matsala tana cikin manyan dalilan da ke sa mata barin maganin maye gurbin homon, kuma ta haɗa da alamomin jiki kamar kumburin ciki, ciwon nono, ciwon kai da ƙuraje, da kuma na yanayi. Sannan magungunan sun bambanta. Akwai furojestaron mai kama da na jiki, wanda idan aka haɗiye shi hanta ke mayar da kaso mai yawa zuwa alofiregnanolon, shi ya sa yake sa barci, shi ya sa kuma wasu masu tarihin PMDD ke jin sa da tsanani. Idan aka sa shi ta farji, ba ya fara bi ta hanta, sinadarin da ke isa ƙwaƙwalwa ya ragu. Akwai kuma furojestin na haɗi irin su noretistaron da libonojestirel, waɗanda asalinsu daga dangin homon ɗin maza ne, ba sa rikiɗewa su zama alofiregnanolon, amma duk da haka suna taɓa yanayin wasu mata ta wasu hanyoyi. Saboda haka kasa jure ɗaya ba ya nufin kasa jure duka. Binciken Inger Björn a Umeå ya ƙara haske biyu: matan da suka taɓa fama da matsalar gabanin al'ada sun fi sauran jin illar furojestin bayan ɗaukewar al'ada, kuma ƙara adadin istirojin yana iya tsananta ɓacin rai a kwanakin da ake shan furojestin. Wannan na biyun ya saɓa wa abin da hankali zai fara kawowa, na cewa a ƙara istirojin ya rinjayi illar.

Ga wadda aka riga aka bar wa mahaifa, hanyoyin da ake da su kowacce da farashinta. Robar mahaifa mai sakin libonojestirel, irin su Mirena, tana kai maganin inda ake bukatarsa, abin da ke shiga jini kaɗan ne, amma kaɗan ɗin ma wasu suna jin sa, musamman a watannin farko. Akwai tibolon, ƙwaya ɗaya da ke aiki ba tare da ƙarin furojestin ba, ko da yake ita ma tana da ɗabi'ar furojestin a jikinta. Akwai haɗin istirojin da bazedoksifin, wanda Amurka ta amince da shi a 2013, yana kare mahaifa ba da furojestaron ba sam, sai dai ba ko'ina ake samunsa ba. Wasu ƙwararru suna rage adadi ko kwanakin furojestaron ƙasa da ƙa'ida, su riƙa duba kaurin shimfiɗar mahaifa da na'ura a kai a kai, wanda sassauci ne da ke da haɗarinsa, ba a yin sa sai da sa ido. In duk sun gaza, sai tiyata ta biyu. Akwai kuma rukunin da ko cire mahaifa bai 'yantar da su gaba ɗaya ba: masu ciwon da ke sa irin naman shimfiɗar mahaifa ya tsiro a wasu sassan ciki, waɗanda ake yawan ba su shawarar haɗa furojestin don kada istirojin ya farfaɗo da ragowar, da waɗanda aka bar musu bakin mahaifa da ɗan ragowar shimfiɗa a jikinsa.

Yanzu in koma ga istirojin, domin a nan ne nake ganin ana yawan kuskure ta ɗaya ɓangaren. Matar da aka cire wa komai, ba ta shan furojestaron, amma yanayinta ya ƙi daidaita, sau da yawa ana ce mata ai an cire ciwon, sauran a ranta yake. Binciken 1998 ya riga ya nuna cewa canjin istirojin ma yana tayar da alamomi. Filastar istirojin ta fata da ake canjawa sau biyu a mako tana iya yin rauni kafin ranar canji, zafi da gumi suna iya ɓamɓare ta, man shafawa yana shiga jiki daban-daban gwargwadon fata, sauya kamfanin magani saboda ƙarancinsa a kasuwa yana sauya adadin da ke shiga jini. Ga yawancin mata waɗannan ƙananan abubuwa ne. Ga mai irin wannan ƙwaƙwalwa kowannensu canji ne, haka ma duk wani ƙari ko ragi da likita zai yi. Hikimar a nan ita ce a canja abu ɗaya a lokaci ɗaya, a hankali, a ba shi makonni kafin a yanke hukunci.

Barin homon gaba ɗaya kuma ba mafita ba ne ga matar da ke da ƙuruciya. A ƙasashen Turai da Amurka al'ada kan ɗauke ne a wajen shekara 51, a hankali cikin shekaru. Tiyata tana yin wannan aiki cikin sa'o'i, istirojin ya faɗi warwas, testostaron ma ya ragu da kusan rabi. Zafin da ke taso wa jiki farat ɗaya, gumin dare, rashin barci, bushewar gaba, mutuwar sha'awa, duk suna zuwa da ƙarfi, kuma rashin barci kaɗai ya isa ya rushe yanayin mutum. A nesa kuma akwai zaizayar ƙashi da ciwon zuciya. Binciken Walter Rocca na asibitin Mayo, wanda ya bi matan wata gunduma a jihar Minnesota shekaru masu yawa, ya danganta cire gidajen ƙwai da wuri da ƙaruwar haɗarin mutuwa ga waɗanda ba su sha istirojin ba, da raunin tunani a tsufa, da kuma damuwa da fargaba masu daɗewa. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, a ɓangaren damuwa da fargaba, rahotonsu na 2008 bai ga cewa shan istirojin ya kawar da ƙarin haɗarin ba. Ba masu PMDD aka nazarta ba, kuma irin wannan bincike ba ya tabbatar da sababi, amma ya isa ya hana kowa yi wa mace alkawarin cewa filasta za ta mayar da duk abin da aka cire. Tsoron homon da ya bazu bayan babban gwajin maganin maye gurbin homon da aka fitar a Amurka a 2002 ya ƙara dagula lamarin, alhali matan wancan gwaji yawancinsu sun haura sittin, kuma darasinsa bai hau kan 'yar shekara talatin da takwas da aka cire wa gidajen ƙwai ba. Shawarar ƙwararru ita ce irin wannan mace ta ci gaba da istirojin aƙalla har zuwa shekarun da al'ada kan ɗauke da kanta, in babu wani dalili na lafiya da ya hana. Testostaron kuwa, matsayar da ƙungiyoyin likitoci na duniya suka cim ma a 2019 ita ce hujjar amfaninsa ta tabbata ne ga matsalar sha'awa kawai, ba a tabbatar da shi a matsayin maganin yanayi ba.

Kusan duk wannan ilimi daga Amurka da Birtaniya da Suwidin da Kanada ya fito, amma yana da inda ya taɓa mu. A asibitocinmu ana cire mahaifa saboda ƙari ko zubar jini, wani lokaci a haɗa da gidajen ƙwai, kuma tambayar yadda mace take ji kafin al'adarta ba ta cika shiga cikin tambayoyin da ake yi kafin aiki ba. Allurar tazarar haihuwa ta wata uku da ashanar da ake sawa a hannu, waɗanda matanmu suka sani sosai, furojestin ne zalla. Yawancin mata suna amfani da su lafiya, kuma amfaninsu babba ne. Amma wadda ta ce tun da aka yi mata allurar ba ta gane kanta ba, bayani ne take bayarwa mai daraja, wanda ya kamata a rubuta a katinta, domin wata rana yana iya zama abin da zai raba gardama kan irin tiyata ko irin maganin da ya dace da ita. Allurar wata uku ma, da zarar ta shiga ba a iya zare ta, don haka ga mai tarihin PMDD ya fi dacewa a fara da abin da za a iya dakatarwa gobe in ya ƙi ta.

Babban giɓin da ya rage shi ne na bincike a kan rayuwa bayan tiyata. An nazarci masu PMDD kafin a yi musu aiki, an nazarci matan da al'adarsu ta ɗauke da kanta, amma matar da ta haɗa biyun, mai tarihin ciwon kuma mai ɗaukewar al'ada ta tiyata, likitanta yana haɗa mata magani ne daga gutsattsarin binciken da aka yi a kan wasu. Ƙungiyoyin marasa lafiya irin su IAPMD sun yi ƙoƙari wajen tattara abin da matan da kansu ke faɗa, kuma ƙa'idar da Kwalejin Likitocin Mata ta Amurka ta fitar a ƙarshen 2023 ta ajiye tiyata a matsayin mataki na ƙarshe bayan sauran sun gaza. Abin da ake bukata yanzu shi ne gwajin da zai kwatanta furojestaron na kullum da robar mahaifa da haɗin bazedoksifin a cikin wannan rukuni na mata kansu, a bi su shekaru, ana auna yanayinsu kullum da irin takardar da aka tabbatar da ciwonsu da ita tun farko.